Akushin da Masassaƙi Ya Bari

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da Inna ta zagaya bayan madafa ɗauko akusanta. Matar masassaƙi ce, kuma tun rasuwarsa ba ta yarda kowa ya wanke mata su. Ba ta jiƙa su a ruwa, ba ta shanya su a rana. Ruwan ɗumi take sa musu, ta goge da tsumma, ta kife a inuwa, sannan ta bi su da mai har su yi sheƙi. 'Yarta takan tsokane ta.

"Inna, ko ni ba ki shafa min mai haka ba."

"Ke ai ba ki tsagewa," in ji Inna.

Akwai babba baƙi a cikinsu, shi marigayin ya sassaƙa ƙarshe daga wani icce da ya saro a bakin rafi. Ranar da ya gama shi ya kwanta, bai sake tashi ba.

Inna ta zauna a kan turmi, ta ɗora babban a cinya, ta tsoma yatsu a kwalbar mai. Sai ta ji kaji sun yi tsit. Warin ɗanyen icce da laka ya cika lungun, alhali ko yayyafi ba a yi ba.

Wata tsohuwa na tsugune a jikin katanga, ta juya baya. Inna ba ta ji sallama ba, ƙofar gida kuma a kulle take.

"Baiwar Allah, ta ina kika shigo?"

"Daina shafa masa man nan," tsohuwar ta ce a hankali. Muryarta kamar ana goga busassun rassa. "Bari ya bushe. Bari ya tsage."

Inna ta ƙanƙame akushin. Ta yi bisimilla a zuci.

"Mijina yana ciki," in ji tsohuwar. "Iccen nan ɗakinmu ne, yana ciki mijinki ya sare shi. In ya fito, a kan mai cikin nan ta gidanki zai huce."

'Yar Inna kenan, tana ɗaki da tsohon ciki. Nan take tsoro ya koma haushi.

"Au, ashe ke kika kwantar min da miji? Kin ci ɗaya, kin dawo neman biyu?"

Akushin ya yi ƙas!

Wata siririyar tsaga ta buɗe a bakinsa. Iska mai sanyi na fita daga ciki, tana shiga, tana fita. Numfashi ne.

Inna ta tuntsurar da kwalbar duka a kansa, ta danne tsagar da tafin hannun dama.

Wani abu ya turo daga ciki.

Ta ƙara dannewa.

Tsohuwar ta miƙe. Ta yi ta miƙewa har kanta ya wuce katanga. Ta juyo. Babu fuska, sai ɓawon icce da kogo biyu.

"Saki."

"Wallahi ba zan saki ba."

"Hannunki zai tafi."

"Ya tafi! Wata nawa ina wanke shi, ina shafe shi? Nawa ne. Nan gidana ne. Fita!"

Zafi ya ratsa ta har kafaɗa. Ta ji yatsunta na sandarewa ɗaya bayan ɗaya. Ta rufe ido tana karanto duk abin da ya zo bakinta, tana murza mai cikin tsagar, tana murzawa.

Daga ciki aka yi wani dogon nishi.

Ba ta san dare ya zo ya wuce ba, sai zakara ya yi cara.

Da ta buɗe ido babu kowa, sai laka da ruɓaɓɓun ganye a gindin katanga. 'Yarta ta same ta a ƙasa, ta rungume akushin, da ƙyar aka ɓamɓare hannunta.

Tsagar ta haɗe, saura ɗan tabo kamar zare. Amma tafin Inna na dama bai ƙara yin laushi ba. Ya yi baƙi, ya yi tauri, in ta ƙwanƙwasa shi a ƙofa sai ka ji kamar icce biyu sun haɗu. 'Yar ta sauka lafiya, mace ta haifa. Ranar da ta fara fitowa tsakar gida ta tarar da uwarta a kan turmi da kwalbar mai.

"Inna, don Allah mu ƙone abin nan mu huta."

"Mu buɗe masa ƙofa da hannunmu?" Inna ta miƙa mata tsumma. "Zauna nan. Yau za ki koyi yadda ake shafa shi."