Daga Ƙugu Ake Sunkuyawa

"Tashi, Ya'u. Ha'inci kake yi."

Ya ɗago kai, gumi na ɗiga daga haɓarsa zuwa kan tabarma, hannunsa riƙe da babban yatsan ƙafarsa ta dama.

"Ha'inci? Laure, duba fa... na taɓa. Wata bakwai rabon da hannuna ya kai ƙafata, yau ya kai, ki ce ha'inci?"

"Da doro ka kai. Bayanka ya lanƙwashe kamar na kunkuru, ƙugunka kuwa yana nan inda ka bar shi. Na hagun ma ya zame baya."

Gwaggonsa Hawwa, wadda ke gefe tana tsince shinkafa a faranti, ta ƙyalƙyale da dariya. Shi bai yi dariya ba. Ya saki ƙafar, ya kawar da kai, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ke dai ba a burge ki."

"Ana burge ni. Ba da ƙarya ba dai."

Sunana Lauratu, ɗiyar Malam Tahiru. Daga Damagaram muka taso a shekarar fari, muka sauka unguwar Tahaggart a Tamanrasset, inda Baba ke koya wa Hausawa karatun Alƙur'ani. Shekara shida na yi a lekkol, makarantar bokon Faransanci, kafin mu taso, kuma faransancin nan ne ya samar mini aikin tafinta a asibiti, a ɗakin wata likitar ƙashi da jijiya 'yar Indiya da kowa ke kira Madam. Da farko maganarta kawai nake juya wa majinyata. Da ta ga idona na kama abu, sai ta fara zaunar da ni a tabarma bayan an tashi, tana koya mini motsa jikin ƙasarsu da suke kira yoga. Shekara uku ina hannunta.

Ya'u magini ne, mutumin Maradi. Tun yana da lafiyarsa yake nemana, Baba kuma ya kusa amsawa. Sai ga shi ya faɗo daga saman wani gini mai hawa biyu, ƙashin ƙugunsa na hagu ya tsage. Ƙashi ya haɗe, amma gefen ya sandare, ba ya iya sunkuyawa, sallah ma a zaune yake yi. Baba ya ce a dakata da maganar aure.

Ni ban dakata ba. Kowace Alhamis da hantsi nake zuwa gidan Gwaggo Hawwa, in zauna can nesa bakin murhu. Ban taɓa kai hannuna jikinsa ba. Da baki nake gyara shi, in baki ya gaza Gwaggo ta zungure shi da muciya.

"Kin san ma'anar a dakata?" Ya tambaye ni ranar, har yanzu bai dube ni ba. "Musbahu mai nemanki kullum yana zauren Malam. Ni kuwa ina nan ina koyon zama kamar jinjiri. In ban yi sauri ba..."

"In ka yi sauri ka ɓalla bayanka, sai in auri wa?"

Ya juyo ya dube ni.

"Ya'una," na sassauta murya, "ba yatsan ƙafa nake nema ba. Ninke bargon nan huɗu, ka zauna a bakinsa. Yawwa. Dunduniyarka biyu su taɓa garu."

Ya miƙe ƙafafu. Ta dama ta taɓa, ta hagu ta rage kamar faɗin yatsu biyu.

"Ka gani? Ƙafar ba ta gajarce ba, ƙugun ne ya ja baya don yana tsoron ciwo. Ɗaga mazaunin hagu, ka turo shi gaba. Kaɗan... tsaya nan. Yanzu ji ƙasusuwan nan biyu da kake zaune a kansu. Nauyinsu ɗaya?"

"Na dama ya fi."

"Raba musu daidai. Kai da ba ka yarda ka ɗora bulo a kan tushe karkatacce?"

Nan ya ɗan murmusa. Ya rufe ido, ya gyara.

"Saki gwiwa, kar ka ƙame ta. Yatsun ƙafa su kalli sama. Sa hannunka a inda cinya ta haɗu da mara. Daga nan za ka ninku, kamar ƙyaure a kan maƙalarsa. Cibiya ce za ta fara tafiya, ƙirji ya bi ta, kai shi ne na ƙarshe. Ja numfashi... saki, ka tafi."

Ya tafi kamar taƙi ɗaya, ya tsaya cak.

"Shi ke nan? Ɗan wannan?"

"Me kake ji?"

"Bayan cinyata na ja... amma kwankwasona bai yi zafi ba." Ya buɗe ido, ya dube ni. "Laure, bai yi zafi ba."

"Ɗan wannan ya fi wancan sau goma."

Ya daɗe yana kallona har na sunkuyar da kai.

"Rabin raina," ya ce a hankali, "in na warke, ke kika gina ni."

Gwaggo ta buga muciya a ƙasa. "To, a koma aiki. Ba zance na zauna gadi ba."

Haka muka yi wata uku. Taƙi ɗaya ya zama biyu, hannunsa ya wuce gwiwa, ya kai ƙwauri. Bargo mai ninki huɗu ya koma biyu. Ya ajiye sanda. Ya fara tsayuwa a sallah, raka'a ɗaya, wata rana biyu, sauran ya cika a zaune.

Musbahu direban kamyo ne, babbar motar kaya, yana jigila tsakanin Agadas da Tamanrasset. Duk dawowa sai ya kawo wa Baba shayi da sukari, ya zauna zaure yana tambayar fiƙihu, idonsa na kan labule. Sau biyu na faɗa masa zuciyata na da mai ita. Wata Alhamis ya biyo sawuna, ya leƙa ta tsagar ƙofar Gwaggo.

Da na koma gida na tarar Baba bai taɓa abincinsa ba.

"Lauratu, zauna."

Na durƙusa.

"An ce mini kina koya wa yaron nan bautar Indiyawa. An gan shi ya juya wa alƙibla baya, ya fuskanci yamma, ya rufe ido yana sunkuyar da kai, ke kina ba shi karatu."

"Baba, magani ne."

"Magani a kwalba yake, ko a allo."

"Akwai wanda yake a jiki. Ku kuka sa ni lekkol lokacin da 'yan'uwanku ke cewa zan lalace. Na lalace?"

"Ba ki lalace ba."

"To yaya za ku ɗauki maganar wanda ya leƙa ta tsagar ƙofa, ku bar tawa? Wallahi ban taɓa sunkuya wa kowa ba sai Allah. Aikina ne, Baba, na iya shi, kuma ba na jin kunyarsa."

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Amma ban janye ko kalma ɗaya ba.

Ya ajiye carbinsa.

"Ba za ki sake taka gidan ba sai na ji daga bakinsa. In abin da aka faɗa ne, babu ke babu shi, babu ke babu asibitin. Ya zo gobe bayan an sauko Juma'a."

Ya'u ya zo da ƙafarsa tun daga bakin kasuwa, ba sanda, sanye da farar riga ɗaya tilo da yake da ita. Zauren cike yake: Musbahu, da dattawa huɗu abokan Baba. Ni ina tsakar gida, jikin labule.

"Ya'u," in ji Baba, "in ka sunkuya ɗin nan, me kake karantawa?"

"Ba komai, Malam. Numfashi nake ƙirgawa."

"Wa kake nufi da sunkuyawar?"

"Ƙuguna na hagu, Allah Ya gafarta Malam. Shi ne mai taurin kai."

Wani dattijo ya yi tari don ɓoye dariya.

"Me ya sa yamma?"

"Ana son dunduniya biyu su taɓa garu daidai. Garun yamma ne kaɗai miƙaƙƙe a gidan, don ni na gina shi. Sauran ukun gara a yi shiru."

Musbahu ya gyara zama. "Malam, ko mun bar wannan, mutumin da ko sallah ba ya iya yi a tsaye, da me zai riƙe ɗiyarku? Tausayi daban, aure daban."

"Ba tausayi na zo nema ba," in ji Ya'u. "Lauratu na zo nema."

Na ƙara matsawa jikin labule.

Baba ya miƙe. Ya leƙa waje, ya dubi inuwa.

"La'asar ta yi. A yi alwala." Da suka dawo suka jeru, sai ya ja da baya daga buzunsa. "Ya'u, shige gaba."

Ya'u ya dubi dattawa.

"Malam... ni? Ga ku, ga dattawa? Izu biyu kawai gare ni."

"Sun isa La'asar. Shige."

Raka'a huɗu a tsaye, bai taɓa yi ba tun faɗuwarsa. In ya zauna a tsakiya, a gaban Musbahu, na san ba zai sake ɗaga kai a unguwar ba. Na ɗan ja labule. Tawa sallar na jinkirta ta, Allah Ya yafe mini.

Ya yi kabbara. Na zuba wa ƙugunsa ido kamar yadda Madam ta koya mini.

Da ya zo ruku'u, sai na ga ya tsaya ɗan jim, ya raba nauyinsa a ƙafa biyu. Sannan ya ninku. Daga ƙugu. Mazaunai suka ja baya tare, na hagu bai zame ba, ƙirji ya tafi gaba, gadon bayansa ya shimfiɗu sumul tun daga kwankwaso har ƙeya. Ya ɗago bai dafa komai ba.

Raka'a ta biyu haka.

A ta uku ƙafar hagu ta fara rawa, har rigarsa na kaɗawa. Na cusa gefen mayafina a baki. *Saki gwiwa, Ya'u... saki gwiwa...* Kamar ya ji ni. Ya sassauta ta kaɗan, ya ja numfashi, ya ninku. Rawar ta lafa.

Da ya yi sallama, bayan rigarsa ya jiƙe sharkaf. Ni kuwa hawaye ne har wuya, amma ban taɓa jin kaina ya yi tsawo kamar ranar ba.

Baba ya gama addu'a, ya shafa, ya juyo wajen dattawa.

"Shekara talatin ina faɗa wa mutane su miƙe baya a ruku'u. Kaɗan ne suka ji. Yau ga wanda ya faɗo daga hawa biyu ya yi shi yadda ake so." Ya dubi Musbahu. "Abin da ka gani motsa jiki ne. Gaba in ka ga abin da ba ka gane ba, ka yi sallama ka shiga ka tambaya. Leƙe ba ɗabi'ar Musulmi ba ce."

Musbahu ya ɗauki takalmansa ya fita, bai jira shayi ba.

"Lauratu," Baba ya ɗaga murya kaɗan, "na san kina bayan labulen nan. Je ki yi sallarki. Kai kuma Ya'u, ka aika Maradi, magabatanka su zo."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura mana aure. Ya'u ya koma gini, ba da daɗewa ba ya zama shi ke duba aikin wasu. Da shekara ta zagayo Madam ta gama wa'adinta za ta koma ƙasarsu. Ta shiga buro, ofishin shugabannin asibiti, ta ce ba wanda za ta bar wa tabarminta sai ni. Aka yi ta ja, wai ba ni da takarda. Ta ce su kawo mai takardar ya gwada a gabanta. Ba a kawo kowa ba.

Satina na biyu ni kaɗai a ɗakin, Ya'u ya biyo da rana don ya ɗauke ni mu je cin abinci, yana tsaye bakin ƙofa da siminti a gashin girarsa. Sai ga Baba, wanda bai taɓa taka asibitin ba, riƙe da hannun wani tsohon Buzu abokinsa, manomin dabino daga Abalessa, yana tafe a ranƙwafe. Tsohon ya dube ni, ya dubi tabarma, ya ja tunga.

"Malam, mace ce fa. Yarinya ma."

"Ɗiyata ce," in ji Baba. "Abin da ta ce ka yi, ka yi."

Ya juya ya zauna a benci, ya fito da carbinsa.

Na dubi Ya'u. Idanunsa sun cika, yana murmushi har kunne.

"Laure, kin ji?"

"Na ji."

"To yi aikinki, likita. Abinci ya jira."

Ya cire takalmansa, ya shigo, ya kama hannun tsohon, ya zaunar da shi a hankali.