Kwana Uku na Ƴar Gayu

"Ba inda za ku je, wallahi!"

Yaya Babba ce ta faɗi haka, tana tsaye a tsakiyar ɗakin ƙaninta, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan yana nuna akwatin da ke buɗe a kan gado. Ko sallamar kirki ba ta yi ba da ta shigo.

Matar ƙanin nata ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da ninke farar rigar mijinta, ta daidaita wuyan, ta kwantar da ita cikin akwati. Dangin miji ne suka laƙaba mata suna Ƴar Gayu don ba'a, saboda ko tsumman goge tebur sai ta bi shi da dutsen guga. Ita kuwa ta karɓi sunan hannu biyu. Shekara tara ke nan tana aiki a shagon wanki da guga, tsaye daga safe har la'asar, tana goge kayan da wasu za su sa su tafi shaƙatawa.

"Sannu da zuwa, Yaya. Ga kujera."

"Riƙe kujerarki! Da ƙanina nake. Kai Injiniya, ashe da gaske ne? Babban birni za ku yawon buɗe ido? Kai da ke gyaran firji a rumfa?"

Injiniya ya sunkuyar da kai yana murza yatsu. Tun rasuwar mahaifinsu shi ke ɗauke da gidan: makarantar ƴaƴan Yaya, maganin Umma, rufin da ya yi yoyo, duk shi ne. Kalmar a'a ba ta taɓa fita daga bakinsa ba.

"Kwana uku ne kawai, Yaya. Tun da muka yi aure ba mu taɓa—"

"Kwana uku! Kujerun falona sun yage, baƙi na zuwa ina jin kunya, na yi maka magana ka ce ba hali. Ashe halin yawo akwai shi!"

"Yaya," Ƴar Gayu ta ce a natse, "tafiyar nan gumina ne da nasa. Shekara biyu muna hana bakinmu. Maganin Umma kuwa jiya ya kai mata. Babu haƙƙin kowa a cikin akwatin nan."

"Au, har kin yi bakin mayar mini da magana? To ku je. Za ku dawo ku same ni!"

Ta buga ƙofa ta fita. Injiniya ya zauna a bakin gado, ya dubi matarsa.

"Ko dai mu fasa?"

"Fasa mana, Yallaɓai. Ni sai in tafi, in ajiye jakata a kujerarka mu yi ta hira da ita."

Ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, dariya ta ƙwace masa. Washegari da sassafe suna cikin bas.

Masaukin da suka kama a bayan kasuwa yake. Fankar tana kuka kamar za ta faɗo, tagar kuma bango take kallo. Injiniya ya dubi matarsa, kunya ta kama shi.

"Nan na kawo ki?"

"Ido rufe za mu yi a cikinsa," in ji ta, tana shimfiɗa zanen gadon da ta gogo daga gida. "Daɗin yana waje. Sa farar rigarka."

Abin da bai sani ba, shekara tara tana guga kunnenta a buɗe yake. Masu kawo wanki kan tsaya suna hirar birni, ita kuwa tana kwashewa. A bakin matar wani lauya ta ji cewa babban otal ɗin da ke bakin kogi yana da wurin shan shayi a hawa na goma sha biyu, kuma tsakanin azahar da la'asar, lokacin da ba kowa, duk wanda ya shigo da tsabta ana karɓarsa.

A bakin otal ɗin Injiniya ya ja ya tsaya. Ƙofar gilashi, mai gadi cikin jar riga da maɓallan zinare, motoci sai ƙyalli.

"Za su gane mu fa," ya raɗa mata.

"Su gane mana. Sata muka zo yi?"

Ta ɗaga kai ta wuce. Mai gadi ya rusuna ya buɗe musu ƙofa. Lif ya ɗaga su sama, Injiniya ya damƙe hannunta yana salati. Da suka fito sai ga birnin gaba ɗaya a ƙarƙashinsu, kogi ya ratsa shi, motoci kamar tururuwa.

Ma'aikacin wurin ya miƙo musu takardar abinci mai bangon fata. Ƴar Gayu ta mayar masa da murmushi.

"Butar shayi ɗaya, kofi biyu. Kek yanka ɗaya, cokali biyu."

"Shi ke nan, Madam?"

"Shi ke nan. Kuma kusa da taga za mu zauna."

Suka zauna. Kujera ta haɗiye su saboda laushi. Can ta lura mijinta ya karkata kai yana sauraren wani abu.

"Me ya faru?"

"Ji esin nan! Ko ƙara babu. Wallahi da za su bar ni in buɗe bayansa in gani..."

"Injiniya! Na kawo ka yawon amarci bayan shekara tara, kai kana soyayya da na'urar sanyi?"

Ya tuntsire da dariya har shayi ya sarƙe shi. Rabon da ta ji irin wannan dariyar tasa har ta manta. Ta ɗaga waya ta ɗauke shi a haka.

Haka suka yi ta cin birnin da dabara. Da rana su zauna a lambun gwamnati su ci burodi da ƙwai daga jakarta. Suka shiga gidan zane-zane ranar da ake shiga kyauta. Suka leƙa kantin turare, aka fesa musu kala-kala a hannu, ta sayi ƴar mitsitsiyar kwalba ta fito tana taku ɗai-ɗai. Ta kai shi wurin wani mai aski da ke rufe wa mutum fuska da tawul mai ɗumi, ya fito yana shafa kumatu kamar sabon ango. Da yamma suka hau jirgin ruwan da ke ƙetarar da ma'aikata, ta nuna masa jiragen attajirai da ke gefe.

"Ka gani? Ruwan ɗaya ne, iskar ɗaya ce. Su dai kujerarsu ta fi tamu tsada."

Duk inda suka je sai ta ɗora hoto a sitatus na wayarta, kowa ya gani.

Rana ta uku, suna haɗa kaya, wayarsa ta yi ƙara. Umma ce, kuma kuka take. Yaya Babba ta kai mata hotunan, ta ce ɗanta dukiya yake ɓoyewa, matarsa ta mallake shi tana cinyewa a manyan otal, uwa kuwa ko oho.

A bas, da suka yi nisa, Injiniya ya juyo gare ta.

"Da ba ki sa hotunan nan ba..."

Maganar ta soke ta. Ta juya ga taga, hawaye na gangarowa.

"Sau ɗaya a rayuwata na ji daɗi, shi ma sai na ɓoye kamar abin kunya? Ba zan goge ko ɗaya ba."

Washegari aka tara su a falon Umma. Kawu, ƙanin mahaifinsu, yana kan kujera, Yaya Babba tana zagayawa da waya tana nuna wa kowa.

"Ku duba! Wannan wurin talaka ne? Ku dubi kofin ma!"

Kawu ya gyara murya. "Yarinya, shawarar da muka yanke, ki koma gidanku tukuna har mu binciki lamarin nan."

Ƴar Gayu ta durƙusa, ta miƙa hannayenta gaba. Duk tabon ƙuna ne, sabo da tsoho.

"Kawu, ga dukiyar da muke ɓoyewa. A bayan kasuwa muka kwana, burodi muka ci, shayi buta ɗaya muka raba. Idan akwai ranar da Umma ta rasa magani saboda ni, a faɗa, yanzu in ɗauki mayafina." Ba ta sauke kai ba. "Idan kuwa laifina shi ne na zauna inda masu kuɗi ke zama, to a yi haƙuri, ba zan tuba ba. Allah bai rubuta a goshinmu cewa wahala kaɗai za mu sani ba!"

"Kun ji fitsara ko?" Yaya Babba ta tafa hannu. "Kai kuma ka yi shiru kamar an ɗinke maka baki!"

Injiniya ya miƙe.

"Kawu, a gafarce ni. Matata tana ɗakinta, kuma a nan za ta zauna. Yaya, tun ina ɗan shekara goma sha biyar nake hidimar gidan nan, kuma ba zan daina ba. Amma kujerun falonki, a'a."

Umma ta karɓi wayar daga hannun Yaya Babba. Ta ƙura wa hoto ɗaya ido, wanda shayi ya sarƙe ɗanta yana dariya.

"Rabon da in ga haƙoran yaron nan a waje haka," ta ce a hankali, "tun mahaifinsa na da rai." Ta share ido da bakin mayafi. "Ku tashi ku tafi gida."

Ba a nan rigimar ta mutu ba. Wata biyar Yaya Babba ba ta amsa gaisuwarsu. In an haɗu a gidan Umma sai ta kau da kai tana habaici. Ƴar Gayu takan koma ɗaki ta yi kukanta, gari ya waye ta sake gaishe ta. Ba ta rama ba, ba ta kuma nemi gafarar abin da ba laifi ba. Duk ƙarshen mako tana gidan Umma, ta yi mata shara, ta goge mata kaya.

Ran nan tana guga a tsakar gida, Umma ta matso da kujerarta, ta yi ta kame-kame, sannan ta rage murya.

"Ni kuwa ƴar nan... wannan wurin na sama, tsofaffi ma ana barinsu su shiga?"

Ƴar Gayu ta ajiye dutsen guga.

"Umma, har ƙofa za a buɗe miki a rusuna!"

"Ni da ban taɓa wuce tashar mota ba? Shekara sittin da biyar ina dafa wa mutane. Ina so sau ɗaya in zauna a kawo mini."

Suka rungume juna, suna kuka suna dariya.

Jama'a, jin daɗi na halal ba gadon masu kuɗi ba ne. Wanda ya sauke haƙƙin iyaye da dangi, ba laifi ya ɗanɗana guminsa, ya faranta wa matarsa. Haƙuri kuma ba shi ne mutum ya bari a take shi ba. Shi ne ya tsaya a kan gaskiyarsa ba tare da ya yar da ladabi ba.

Ana saura kwana biyu su tafi da Umma, Ƴar Gayu tana shago sai ga Yaya Babba ta shigo, fuska a ɗaure. Ta dire wani ƙunshi a kan tebur. Leshinta ne mafi tsada.

"A goge mini," ta ce, tana kallon bango. "Ban dai ce zan je ba."

Ƴar Gayu ta danne murmushi, ta jona dutsen guga.

"To Yaya. Ƙarfe shida bas ke tashi."