Maɓallin da Ba Ya Ji

Ranar da Auta ta fara aiki a ofishin gyaran shafukan intanet, tebur ɗaya aka haɗa ta da wani dogo da ake kira Mai Gilashi. Ya ɗago zai ce sannu da zuwa, sai ya ce sai da safe. Ita kuma ta ce amin. Tun daga nan aka rikice.

Aikinsu lallaɓa wani tsohon kod ne, wato jerin umarnin da ke sarrafa shafi, da aka rubuta tun tana firamare. Suna lallaɓa shi, so yana lallaɓowa. Baba kuwa, mahaifin Auta, ya ce bai ga sana'a a danne-danne ba, ga ɗan amininsa mai kantin magani yana ta zaryar neman aurenta.

"In da gaske Mai Gilashin naki yake, ya fito," in ji Baba.

Mai Gilashi sarkin kunya ne, bakinsa ba ya iyawa. Sai ya haɗa mata ɗan shafi a kan tsohon kod ɗin, ya turo saƙo: "Tauraruwata, buɗe ki karanta har ƙarshe."

Ta karanta, ashe aurenta yake nema. A ƙarshe maɓalli ya ɓullo: "Na amince." Ta danna, ta sake dannawa, har yatsa ya yi zafi.

Washegari ya shigo fuska a murtuke, ko kallonta bai yi ba. Ikon Allah! Ta amince, kuma ita ce da laifi? Fasawa ya yi? Ta shiga banɗaki ta sha kukanta. Shi kuma bawan Allah yana ta leƙa wayarsa, amsa shiru.

Da Baba ya fara zancen ba mai kantin magani dama, haushi ya sa ta buɗe kod ɗin za ta goge shafin. Sai ta yi turus. Ashe umarnin da ke sauraron dannawa, maɓallan da ya tarar lokacin buɗewar shafi kawai yake kamawa. Nata daga baya yake ɓullowa, ba mai jin sa.

Ta mayar da sauraron kan akwatin da ke ɗauke da maɓallin, wanda tun buɗewar shafi yana nan, ta danna. Wayar Mai Gilashi ta yi ƙara a kan tebur.

Ya duba, ya cire gilashi, ya mayar. "Wai... ke ce?"

"Ni ce, sarkin gwaninta. Tun ranar nake dannawa."

Ya fito, Baba ya bincika, ya ga yaron kirki ne. Ranar ɗaurin aure suka zauna yi wa Baba bayanin maɓallin, ya ɗaga hannu.

"Ni har yanzu ban gane abin da ya lalace ba. Ku tashi ku je, Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."