Gwangwani Mai Koren Murfi

Ranar Asabar motar kaya ta sauke su a sabon gari. An yi wa Baba canjin wurin aiki, dole kowa ya tattara ya bi shi. Gidan da suka samu a hawa na biyu yake. Ɗaki biyu ne da falo, sai ɗan kicin da mutum biyu ba sa iya juyawa a ciki.

Su huɗu ne. Baba da Mama, da 'yarsu mai shekara goma sha ɗaya, da Auta ɗan wata tara. Yarinyar akwai kai, akwai kuma baki. Abin da aka tambaya ta sani, wanda ba a tambaya ba ma ta sani. Shi ya sa Baba yake kiranta Farfesa.

Tun ranar farko Mama ta zame a matakala tana ɗauke da kwalin kwanuka. Ƙafarta ta kumbura suntum. Likita ya ɗaure ta, ya ce sai ta huta mako biyu.

"To, Farfesa," in ji Mama, "daga yau ke ce ƙafata. Ki gano mana inda ake cefane a garin nan."

Washegari Baba ya zaga da ita. Suka fara da babban kanti na bakin titi. Ƙofarsa ta gilashi ce, da kanta take buɗewa. Ciki sanyi ƙalau, ga kekunan tura kaya a jere. Farfesa ta saki baki.

"Baba, an gama! Ai ba sai mun je ko'ina ba. Komai na duniya yana nan."

"Komai da komai?" Baba ya yi dariya. "Bi a hankali dai."

Suka leƙa kasuwar safe da ke bayan tashar mota. Tumatir da albasa sababbi, ga araha, sai dai kafin ƙarfe goma kowa ya naɗe tabarmarsa. Wuri na uku ɗan shago ne a kusurwar layinsu. Shi ko tsayawa ba su yi ba.

Ran Litinin gishiri ya ƙare, Mama ta aike ta shagon. Wata dattijuwa mai tabarau ce a ciki, mutanen layi suna ce mata Inna. Akwai mata biyu suna sayen sabulu.

"Sannu 'yan mata," in ji Inna. "Ku ne baƙinmu na sama? Ya jikin mamanki?"

"Da sauƙi."

Farfesa ta bi kantocin da kallo. Rabinsu babu komai. Sukari, ashana, sabulu, 'yan gwangwanaye, shi ke nan.

"Wai kayan ke nan duka?" ta ce da ƙarfi. "A garinmu shagon da ya fi kowanne ƙanƙanta ya ninka wannan sau uku. Wannan ai akurkin kaji ne!"

Ta zaci za a yi dariya. Ba wanda ya yi. Matan nan biyu suka kalli juna. Inna ta gyara tabarau, ta miƙa mata gishirin.

"Ki gaida mamanki," ta ce a hankali.

Tun kafin ta kai matakala ta gane ta yi ɓaranɓarama. Ta so ta koma. Amma ta ce a ranta, gobe ma rana ce. Goben ta zo ta wuce, ba ta koma ba.

To, shi Auta ba kowace madara yake sha ba. Wadda aka saba sai ta feso masa da ƙuraje, ta sa shi gudawa. Tun a tsohon garinsu likita ya rubuta masa wata ta musamman, mai koren murfi. Gwangwani biyu suka taho da su. Na ƙarshe ya kusa kai ƙasa.

Ran Laraba da safe Mama ta kira ta.

"Mai gadin gidan nan ya gaya min yadda Inna take aikinta. Ba ta tara kaya. Abin da kake so za ka faɗa mata kafin yammar Laraba. Ita kuma ta buga wa mai motar raba kaya waya, ya kawo ran Alhamis da safe. Sau ɗaya yake zuwa a mako. Ungo murfin tsohon gwangwanin, ki nuna mata. Ki ce biyu muke so."

"To, Mama."

"Kada ki manta fa. Abincin ƙaninki ne."

"Haba Mama, ni ce fa."

Ba ta manta ba. Da aka tashi daga makaranta ta zo har ƙofar shagon, murfin yana hannunta. Ta hango Inna tana auna wa wani sukari. Sai kalmar nan ta dawo mata a kunne: akurkin kaji. Da wane ido za ta kalle ta? Da wane baki za ta ce a taimaka?

Ta yi gaba, ta dawo. Ta sake yin gaba. Can sai dabara ta faɗo mata. Ai babban kanti yana nan! Gobe in Mama ta ba ta kuɗin madara, sai ta wuce can ta sayo. Ba wanda zai sani.

"Kin faɗa mata?" Mama ta tambaya.

"Na faɗa," in ji Farfesa, idonta yana kan takalminta.

Ran Alhamis da yamma ta nufi babban kanti da sauri. Ta sami layin madara, dogo har ƙarshen bango. Ga mai jan murfi, ga mai shuɗi, ga mai fari. Ta bi shi sau uku daga farko har ƙarshe. Babu mai kore.

Ta nuna wa wani ma'aikaci murfin.

"Wannan? Ba ma kawo ta," ya ce. "Masu sayenta ba su da yawa."

"Amma nan ai akwai komai!"

"Akwai abin da mutane da yawa suke saye dai, ƙanwata."

Ta ruga kantin magani na tsallaken titi. Su ma suka ce sai wani makon. Ta fito ta kama hanyar gida.

A gida Mama ta kalli hannunta. "Ina madarar?"

"Motar ce ba ta zo ba. Wai sai gobe."

Ƙarya ta zama biyu. Mama ta buɗe gwangwanin, ta karkata shi, ta duba.

"Allah ya kawo ta lafiya. Wannan iyakarta safiya."

Ran Juma'a da safe Farfesa tana ɗaura jaka ta ji ƙarar cokali yana kankare ƙasan gwangwani. Auta ya shanye ɗan abin da aka dama, ya miƙo hannu yana neman ƙari. Ta fita ko karyawa ba ta yi ba.

A aji Malama ta yi tambaya mai sauƙi. Hannun da kullum yake riga kowa tashi yau yana ƙarƙashin tebur. Da aka fita tara, Malama ta tsayar da ita.

"Baƙuwarmu, yau lafiya? Ko bakin ya tafi hutu ne?"

Sai hawaye. Ta kwashe komai ta faɗa, tun daga gishiri har murfi.

Malama ta saurara har ƙarshe. "Kin ji kunyar shiga shago na minti ɗaya," ta ce. "Yanzu kwana nawa kina jin kunyar?"

"Biyar."

"Wa yake shan wahalarta?"

"Auta."

"To, ana tashi ki wuce gida kai tsaye. Ki fara da mamanki."

Tun daga ƙasan matakala ta jiyo kukan Auta. Muryarsa har ta dushe. Ta tura ƙofa. Ga dafaffen dankali da Mama ta dama masa, ya ture shi ya zube. Ga Mama ta yafa mayafi, ta goya shi, tana dafa bango tana jan ƙafarta mai bandeji.

"Mama, ina za ki?"

"Wajen Inna. In ji ko motar ta iso."

"Mama, ki zauna." Farfesa ta riƙo hannunta. "Motar ta zo tun jiya. Ni ce ban faɗa mata ba."

Ta durƙusa ta faɗi sauran. Mama ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta yi faɗa, da ya fi sauƙi. Zama kawai ta yi a kujera, ta sauko da Auta tana jijjiga shi.

"Na ce ke ce ƙafata," ta ce. "Da kin gaya min ran Laraba, ko da rarrafe ne da na sauka."

"Ki yafe min, Mama."

"Ni mai sauƙi ce. Je ki inda kika fara ɓatawa."

Wannan karon Farfesa ba ta tsaya a ƙofar shago ba. Ta shiga, ta durƙusa har ƙasa.

"Inna, ina wuni."

Inna ta leƙo ta saman tabarau. "A'a! Yau manyan baƙi ne a akurkinmu? Ki kula da kanki, kada kaji su tsattsage ki."

"Inna, don Allah ki yi haƙuri. Maganar da na yi ba ta da kyau. Tun ranar ban ji daɗi ba."

"Na gan ki ran Laraba kina safa da marwa a ƙofa," in ji Inna. "Na ce bari in ga ko za ki shigo. Tashi. Kukan wa nake ji daga sama tun hantsi?"

Farfesa ta miƙa mata murfin, ta yi bayani. Nan take wasa ya bar fuskar Inna. Ta ɗauki waya ta kira mai mota. Ya ce ya yi nisa, ba zai dawo ba sai Alhamis. Ta kira babban sito inda yake ɗauko kaya. Aka ce akwai, amma ƙarfe huɗu suke rufewa, sai kuma Litinin.

Inna ta dubi agogon bango. Uku saura kwata. Ta ɗauki jakarta da kwaɗon rufe shago.

"Haura ki gaya wa mamanki mun tafi tare. Yi sauri!"

"Shagon fa, Inna?"

"Shago ba ya kukan yunwa."

Tana rufewa wani mutum ya zo sayen ashana. "Sai anjima, maƙwabci," ta ce masa. "Yau jariri ne a gaba."

Bas biyu suka hau. A cikin ta farko Farfesa ta kasa ɗaga kai. Tsohuwar da ta wulaƙanta ce ta rufe shagonta da rana tsaka, tana tsaye a cunkoso tana riƙe da ƙarfe.

"Inna, me ya sa ba kya cika kantocinki?" ta tambaya a hankali. Wannan karon so take ta sani.

"In na cika su da abin da ba a nema ba, lalacewa zai yi. Ni mutanen layi na sani. Na san mai ciwon sukari, na san mai jego, na san wanda sabulu kaza yake sa shi ƙaiƙayi. Kowa abinsa nake kawo masa."

"Ni na zaci babban kanti ya isa."

"Yana da ranarsa. Shinkafa da mai ku saya a can, sun fi sauƙi. Kayan miya ku sammaka kasuwar tasha. Abin da kuka rasa a duka biyun, ku zo wurina. Da kin tambaya ran Litinin ai da na gaya miki."

Sun isa sito ana jan ƙofa. Inna ta ɗaga hannu ta ƙwala wa mai sito kira, ya tsaya yana dariya. Ya fito da gwangwani biyu masu koren murfi. Farfesa ta rungume su a ƙirji har gida, ko a bas ba ta yarda ta ajiye ba.

Ita ta dama madarar da hannunta. Auta ya cafki kwalbar da hannu biyu. Falon ya yi tsit, ba a jin komai sai zuƙarsa. Kafin ya shanye, barci ya kwashe shi, hawaye bai ma bushe a kumatunsa ba.

Mama ta riƙe hannun Inna tana ta godiya. Inna ta ce ba komai, ai yanzu an zama ɗaya. Ana cikin haka Baba ya dawo daga aiki. Aka ba shi labari.

"To, Farfesa," ya ce, "yau wa ya koyar da wa?"

"Baba, yau ni ce ɗaliba."

"Me aka koya?"

Ta ce, "In ka zo sabon wuri, kada ka raina abin da ka tarar. Ka tambayi mutanen wurin, sun fi ka sanin garinsu. In kuma ka yi laifi, ka ba da haƙuri tun da wuri. Ɓoyewa ƙara shi take yi, har ya taɓa wanda bai ji ba bai gani ba."

"Ta ci jarrabawa," in ji Inna tana miƙewa. "Yanzu a zo a taya ni buɗe shago. Na bar mutum yana jiran ashana."

Farfesa ta riga ta zuwa ƙofa, ta karɓi jakar ta riƙe mata, suka sauka tare.