Mayafin da Aka Kai Ƙofar Gari

An ruwaito cewa a zamanin da, cikin Bani Isra'ila, wata tsohuwa masaƙiya ta aurar da 'yarta Tirza ga wani mai sayar da man zaitun. Ba a daɗe ba ya gaji da ita, ya shiga cewa bai same ta da mutuncinta ba. Wannan zargi kuwa, idan ya tabbata, hukuncinsa jifa ne.

Al'adarsu ita ce iyayen amarya su adana mayafin daren aure domin shaida. Tsohuwa ta ɗauko shi, ta nufi ƙofar gari inda dattawa ke shari'a, ta shimfiɗa shi a gabansu.

Babban dattijo ya duba, ya ce wa mijin, "Kai, ina taka shaidar?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ji na yi."

"Wa ya faɗa maka?"

Ya kasa kawo mutum ko ɗaya.

Aka yi masa bulala, aka hana shi sakinta muddin ransa. Dattijo ya ce, "Iya, kin gamsu?"

Ta ce, "Saura abu ɗaya. Ya wanke ta da bakinsa, kowa ya ji."

Mijin ya miƙe a gaban jama'a, ya ce, "Ƙarya na yi wa Tirza."