Doguwar da Ta Karanta Gida Sau Ɗaya

Magariba ta kawo jiki a Dogon Dutsi. Tukur mai hoto, wanda a nasa ƙiyasin Arewa ba ta haifi kamarsa ba, yana tsaye a kan ɗiyarsa Afra'u. Ta rubuta wa kwamfutar shago ɗan umarni, ya bi hotunan biki yana raɗa wa kowanne suna. Duk suka fito da suna guda: Kubra.

"Ba komi, Baba. In umarni na cikin alamar baka biyu, sau ɗaya na'ura ke leƙa ma'ajin suna, tun daga ƙofa. Ko an sake abin da ke ciki, ba ta ƙara dubawa."

"To wa ya sa Kubra a ma'ajin?"

Ta girgiza kai, ba ita ba ce. Kubra uwar Tukur ce, 'yar borin Tibiri, godiyar Doguwa, wato wadda iskar ke hawa, ta daɗe a ƙasa.

Dutse ya faɗo bisa kwano. Wani ya biyo. Kaji suka ɗauke kuka. Afra'u ta sulale, idanu a kafe.

Aka ɗauko Malam Rabo a babur. Ya zagaye ta da toka, ya yi ta karatu har gumi ya jiƙa rigarsa. Can wata tsohuwar murya ta fito daga bakin yarinyar.

"Godiyata Kubra ni zo ɗauka."

"Wagga jikanyarta ce," in ji Malam.

"Sau ɗaya ni karanta gidan ga, ranar da ni shigo. Kubra ce."

"Ikonki iyakarsa tokar nan," in ji Malam. "Ina shafe ta, duk abin da kika riƙe zai koma yadda yake."

"Ban da wanda ni kama cikin numfashin hita. Ko yarinya, ko abin da maigida ya hi so bayanta."

Tukur ya ce ta ɗauki kyamara. Ta yi dariya. Ya ƙara da babur, wanda ma ba nasa ba ne.

"Baƙin gemunka."

Mahassada sun ce ya daɗe yana tunani. Sharri ne. Ya dai shafa gemun, ya dubi ƙirjin ɗiyarsa da ke neman daina motsi, ya ce, "Ɗauka."

Malam ya share tokar da ƙafa. Iska ta buga ƙyaure ta wuce. Gemun Tukur ya koma fari fat.

Afra'u ta buɗe ido, ta daɗe tana kallonsa.

"Tsoho, don Allah ina babana?"