Kwamfutar Da Ta Sha Turare

"Sake dannawa, Yaya Hafizu... don Allah."

Ya sake. Fuskar kwamfutar ta kawo haske, 'yan ɗigo suka fara zagayawa. Sai ta yi shuɗi, ta ɗauke ɗif.

Mashkura ta dafe ƙirji.

Tun hantsi suke abu ɗaya a shagonsa na buga takardu da ke bakin kasuwar Ƙaraye. Kasuwa na ci, amma duk wanda ya leƙo sai Hafizu ya ce yau babu aiki.

Shi ya ba ta aron kwamfutar ta tafi da ita ƙauyensu Beli, ta saba da ita kafin jarrabawar shiga jami'a. Kwamfutar kanta ba abin ji ba ce. A cikinta tafsirin marigayi mahaifinsa yake, wanda ya yi a azuminsa na ƙarshe, kuma babu shi a ko'ina sai nan. Duk azumi mahaifiyarsa, Hajiya Turai, shi take sauraro. Ga azumi ya ƙarato. Hajiya kuwa dama ba ta son Mashkura, yarinyar da yake neman aure. Kausar take so ya aura, 'yar ƙanwarta mai karatu a Kano.

Ya cire batir, ya danne maɓallin kunnawa, ya mayar. Shuɗi.

Ya canja caja. Shuɗi.

Ya gwada ta hanyar da ake lallaɓa ta idan ta ƙi tashi. Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ta faɗi?"

"A'a."

"Ruwa ya taɓa ta?"

"Ko ɗigo, masoyina..."

"Ajiye masoyi tukuna. Me kika yi mata?"

Bai taɓa yi mata wannan muryar ba. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta.

Ya ja tsaki, ya kifa kwamfutar, ya kwance kusoshin bayanta. Yana ɗaga murfin, ƙamshi ya cika shagon. Sandal ne da hawi, har da ɗan miski.

Ya dube ta. Ya dubi cikin. Fankar ta daskare da wani baƙin maiƙo, wata roba a gefenta ta lanƙwashe.

"Mashkura... turare kika yi mata?"

Hawaye suka zubo.

"A gidanmu ba a mayar da kayan mutum haka kawai. Ko kwano ne sai an wanke, ko mayafi ne sai an turara. Balle naka. So na yi in ka buɗe ta ka tuna da ni."

"Ai kuwa na tuna."

"Kan kwando na ɗora ta, kasko na ƙasa, na lulluɓe da bargo..."

"A kashe?"

"A kunne."

Ya zauna a kan benci ya riƙe kai.

"Inna lillahi. Dafa ta kika yi, Gimbiya. Gishiri kawai ya rage."

"Kar ka yi min dariya."

"Kin ga alamar dariya a nan?"

Ya tashi ya ɗauko buroshi da auduga. Ya goge fankar, ya zare wani siririn allo ya goge, ya mayar da shi. Mashkura na tsaye tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Ya danna.

Wannan karon ko hasken ma bai zo ba.

Sallama suka ji daga ƙofa. Hajiya Turai ce, Kausar na bayanta riƙe da jakarta.

Mashkura ta zube ƙasa.

"Ina wuni, Hajiya? An zo lafiya?"

"Lafiya." Ba ta dube ta ba. "Hafizu, an ce min muryar mahaifinka ta je yawo ƙauye. Kunna min in ji."

Hafizu ya dubi kwamfutar da ke kife, cikinta a buɗe.

"Umma ai na gaya miki," in ji Kausar a hankali. "Wanda bai san darajar abu ba, ba a ba shi riƙo."

Hajiya ta shaƙi iska, ta yamutsa fuska.

"Ɗakin amarya ne nan ko shago?"

Hafizu ya buɗe baki, Mashkura ta riga shi.

"Ni ce, Hajiya. Ni na turara ta, ta ƙone. Ba laifinsa ba ne."

"Kika turara na'ura."

"E."

"A kunne kuma, Umma," in ji Kausar. "Har da bargo."

Hafizu ya juyo.

"Ke wa ya gaya miki da bargo? Yanzu na ji, kuma ba kya nan."

Kausar ta gyara riƙon jaka. Hajiya ta dubi Mashkura, karo na farko.

"Ke yarinya, wa ya koya miki?"

"Jakar kawai na yi niyyar turarawa... Da Anti Kausar ta zo biki Beli ta gan ni, sai ta ce in kunna ta in rufe, fankar ciki za ta zuƙe ƙamshin, ya fi daɗewa. Na ga ita tana da irinta, ta fi ni sani."

"Wasa fa nake yi mata, Umma..."

"Da muryar mijina?"

Kausar ta kawar da kai.

Hajiya ta zauna.

"In muryar nan ta tafi, Hafizu, maganar yarinyar nan ma ta tafi. Ko wa ya ba ta shawara, hannunta ne ya aikata. Ba zan iya duban fuskarta kullum a gidana ba."

Mashkura ta sunkuyar da kai. Ba ta yi gardama ba. Gaskiya ce.

"Saura abu ɗaya," in ji Hafizu.

Ya zaro ma'ajiyar kwamfutar, wani ɗan ƙarfe kamar tafin hannu, inda komai yake zaune. Ya goge shi da gefen rigarsa, ya jona shi da babbar kwamfutar shago. Kwamfutar ba ta gan shi ba. Ya cire, ya hura bakin wayar, ya sake jonawa. Gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Wani ɗan akwati ya fito a fuskar. Ya danna.

Aka ji gyaran murya. Sannan basmala, a hankali, cikin muryar dattijo mai ɗan kaushi.

Hajiya ta rufe fuska da mayafi. Babu wanda ya motsa har malam ya kai ƙarshen aya.

Da ta sauke mayafin idonta ya yi ja.

"Ka zuba tafsirin nan a wuri uku kafin ka ci abinci. Ɗan malam guda, ka ajiye gadon ubanka a tukunya ɗaya."

"To, Hajiya. Amma ita kwamfutar ta mutu."

"Allah ya ji ƙanta. Ta tafi da ƙamshinta."

Ta miƙe, ta karɓe jakarta daga hannun Kausar. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Ke, wa ya haɗa turaren?"

"Ni ce, Hajiya."

"Hawin ya yi yawa. Amma hannunki ba laifi." Ta gyara mayafi. "Ki gaya wa mahaifinki bayan Salla baffannin Hafizu za su zo Beli."

Ta fita. Kausar ta bi ta daga nesa.

Mashkura ta zauna daɓas a ƙasa, kuka da dariya suka haɗe mata.

"Masoyina..."

"Na'am, Gimbiya. Yanzu kina iya faɗa."

Ya ɗauki wayarsa daga kan tebur, ya dubi Mashkura, ya tura wayar can ƙasan aljihu.

"Ni ki turara ni duk yadda kike so. Wannan dai ki bar min ita."